Kyanwar Ɗakin Gara

Shafi na 17

Kyanwar da Gwaggo Ishatu ta sato don ta tsare garar Maijidda daga ɓeraye, ashe ta kakar ango ce. An gane haka ranar wata Talata da hantsi, bayan kakar shekarar 1954, a gidan Malam Kailani tela da ke Tudun Wadan Zariya, a gaban uwar amarya, Saratu, wadda ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Masu tambaya ko an kai maganar gaban mai unguwa, ba a kai ba. Ga yadda aka yi.

Bikin Maijidda da Labaran, mai haɗa baƙaƙe a gidan ɗab'i, ya matso. Gara ta kusa kammala a ɗakin ƙurya: alkaki, nakiya, shinkafa, daddawa, man shanu. Ɓeraye sun riga dangin ango ɗanɗanawa. Saratu kuwa ta san garar da ta isa gidan surukai da shatin haƙorin ɓera, magana ce da za ta bi 'yarta har ta yi jikoki.

Malam Kailani ya ce a nemo 'yar ƙaramar kyanwa ta tashi a gidan. Saratu ta ce kafin ƙarama ta iya kamu an cinye garar, babba kuma ba ta zama a baƙon gida. Yayarsa, Gwaggo Ishatu, ita ta raba gardamar. A wurinta kyanwar da aka bayar kyauta ce ke gudu, wadda aka sato takan zauna, haka ta ji daga bakin kakarsu. Ranar Lahadi ta je suna Tudun Jukun, ta dawo da farar kyanwa a ƙarƙashin mayafi.

Kyanwar ta yi aiki. Da safe aka tarar ta jera ɓeraye a bakin ƙofa. Sai dai ba ta ci ko ɗaya ba, ba ta kuma daina kuka ba.

Ranar Talatar, Gwaggo na fitowa daga ɗakin garar ke nan, hannunta duk man shanun da ta shafa wa kyanwar a tafin ƙafa don ta zauna, sai ƙarar keken ɗinkin Malam ta tsaya a zaure.

Ya ɗaga murya. "Ku shimfiɗa tabarma, ga Iya Tasalla."

Saratu ta miƙe da sauri. Kakar ango ba ta zuwa gidan amarya ba tare da aike ba.

Gwaggo ta ja ƙyauren ɗakin garar, ta goge hannu a zane.

Iya Tasalla ta shigo a hankali, 'yar tsohuwa siririya, da sanda a hannu da goro a kunci. Aka gaisa. Aka tambayi mutanen Tudun Jukun, da sanyin ƙafa, da gajiyar biki tun ba a fara ba. Saratu ta kawo ruwa, ta zauna gefe, kanta a ƙasa.

"Ina amaryar?" in ji Iya.

"Tana ɗaki, Iya. Kunya."

"Ta kyauta. Ni ma ba wurinta na zo ba."

Ba wanda ya tambaye ta wurin wa ta zo.

Daga ɗakin gara aka ji wani siririn kuka mai tsawo.

Gwaggo ta yi tari da ƙarfi.

"Mene ne wancan?" in ji Iya.

"Ƙyaure ne," in ji Gwaggo. "Ya bushe. Yana son mai."

"Ayya. Shi ne kika shafa masa man shanu? Na ji ƙamshi a hannunki."

"Shi ne."

"Gidan nan da arziki yake." Iya ta juya goro zuwa ɗaya kuncin. "Ishatu, ƙyauren naku da farar ƙafa ya zo?"

Saratu ta ɗaga kai. Ta ƙarƙashin ƙyauren wata farar ƙafa ta leƙo, tana lalube a ƙasa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gwaggo ta fara gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

Iya ba ta tashi ba. Ta dai karkata kai wajen ɗakin, ta ce, "Baturiya. Mus, mus."

Ƙyauren ya jijjiga kamar da mutum a bayansa.

Saratu ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi sama. Saratu ta miƙe, ta je ta buɗe ƙofar da hannunta. Kyanwar ta fito kamar kibiya, ta haye cinyar tsohuwar, ta cusa kai cikin mayafinta.

A zaure keken bai koma aiki ba.

"To," in ji Iya, tana shafa bayan kyanwar. "Wa zai fara?"

"Ni ban san taki ba ce," in ji Gwaggo.

"A ina kika gan ta?"

"A kan katanga."

"Katangar wa?"

"Katanga dai."

"Da tunkiya kika gani a kan katangar, da kin sako ta a mayafi?"

"Tunkiya ba ta hawa katanga, Iya."

Daga cikin ɗakin Maijidda aka ji dariya ta kuɓuce wa wani, aka toshe ta da matashi.

"Amarya," in ji Iya, "fito mu gan ki. Ko ke ma sato ki aka yi?"

"A'a, Iya, ni nan aka haife ni," in ji murya daga bayan labule.

"Madalla. Akwai abin da ke na gidan nan ke nan."

Gwaggo ta sami ƙarfin hali. "Wai wa ya ce miki tana nan? Ba wanda ya gan ni."

"Agatha mai kanti."

"Agatha? Ai ba ta je sunan ba."

"Ba ta je ba. Jiya na aika a sayo mini busasshen kifi, ta ce ya ƙare, amma a gaya mini wani abin dariya. Wai ranar Lahadi wata dattijuwa ta zo ta sayi kifi, ta tambaye ta, 'Uwar Kosmas, kyanwa tana son irin wannan?' Ta ce mata, 'Gwaggo, yaushe kuka yi kyanwa?' Dattijuwar ta ce, 'Sai anjima za mu yi.'"

Daga zaure Malam Kailani ya ce, "La ilaha illallahu."

"Kai kuma yi ɗinkinka," in ji Gwaggo.

Iya ta yi dariya har sai da ta cire goron daga baki. Sannan ta daina. Ta kwantar da kyanwar a gefe, ta nuna cikinta da yatsa.

"Uwar amarya, zo ki duba nan."

Saratu ba ta buƙatar dubawa. Tun safiyar Litinin ta ga nonon kyanwar a cike. Ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta ce ƙiba ce.

"Jego take yi," in ji Iya. "Uku ta bari a gidana. Tun Lahadi nake tsoma tsumma a madarar akuya ina matsa musu a baki. Ni da na yaye jikoki, yau ga ni ina renon 'ya'yan kyanwa."

Saratu ta durƙusa.

"Iya, laifina ne. Na gani, na yi shiru."

"Me ya sa?"

Amsar guda ɗaya ce, ita ce kuma wadda Saratu ba ta so kowa daga Tudun Jukun ya ji.

"Ɓeraye, Iya. Sun shiga garar."

"Saratu!" in ji Gwaggo.

"An riga an kama mu da kyanwa a hannu, Gwaggo. Me ya rage?"

Iya ta dogara sanda ta miƙe. "Mu ga ɗakin."

Gwaggo ta tare ƙofa. "Dangin ango ba sa ganin gara kafin ranarta."

"Dangin amarya ma ba sa satar kyanwa. Matsa."

Gwaggo ta matsa.

Iya ta shiga. Ta ɗaga faifai ta duba nakiya. Ta taɓa buhun shinkafa inda aka ɗinke huda da zaren Malam. Ta ɗauki alkaki ɗaya wanda aka gutsure wa gefe, ta juya shi a hannu, ta ajiye. Ta ɗauki lafiyayye ta gatsa.

"Wa ya yi?"

"Ni, Iya."

"Tsaminsa ya yi, zumar ta shiga." Ta ƙara gatsa. "Ɓerayen Tudun Wada sun san abinci. Ki ware waɗanda suka taɓa, ki zubar. Sauran ba wanda zai ji daga bakina. Bakina da goro."

Saratu ta saki numfashi.

"Kada ki yi saurin murna. Akwai magana." Suka dawo tabarma. Iya ta ɗora kyanwar a cinya. "Ba zan bar gidan surukaina da ɓera ba, ba kuma zan ce ban ji zafi ba. Don haka zaɓi. Uwar ko 'yar?"

"Ban gane ba, Iya."

"In kin ce uwar, na bar miki ita har a kai gara. 'Ya'yan kuma sai yadda Allah ya yi da su, ni dai na gaji da tsumma. In kin ce 'yar, in tafi da abata yanzu, in sun yi ƙwari a kawo miki ɗaya, taki ce har abada. Garar kuma ke da ɓerayenki."

"Ƙarama!" in ji Malam daga zaure. "Tun farko abin da na ce ke nan. Abin da ya tashi a gida shi ke zama a gida."

"Ƙarama me za ta yi?" in ji Gwaggo. "Kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Ɓerayen ɗakin nan sai su ɗauke ta su kai wa 'ya'yansu su yi wasa. Babba, Saratu. Ce babba."

"Yaya, babbar ce ta kawo mu nan."

"Ta kashe ɓeraye ko ba ta kashe ba?"

"Ta kashe. Saura mu da kunya za ta kashe."

"Ba ku na tambaya ba," in ji Iya. "Mai gara na tambaya."

Saratu ta dubi kyanwar. Tana kan cinyar uwargijiyarta, amma ba ta kwanta ba. Kunnuwanta na wajen zaure, idonta na kan hanyar fita. Ko Iyar ma ba ita take nema ba. An ba ta kifi, an shafa mata man shanu, an rufe ta da ƙyaure, ba abin da ya hana ta kallon ƙofa.

In ta ce uwar, za a kai gara lafiya, ita kuma ta kwana da sanin abin da ta bari a Tudun Jukun. In ta ce 'yar, ta san abin da za ta tarar a ɗakin nan da safe.

"Iya," ta ce, "ki ba ni aron 'ya'yan. Duka ukun."

"Su kama miki me? Ko kiyashi ba su iya ba."

"Ba su za su yi kamun ba. Su za su riƙe mini mai kamun."

Iya ta tsaya da tauna.

"Ba man shanu ke zaunar da uwa ba," in ji Saratu. "A kawo mata su ɗakin garar, a bar ƙofa a buɗe. In ta tafi, ni ban san uwa ba."

Iya ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ishatu, kin ji? Wannan ba ta ji daga kakar kowa ba."

"Ai abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Gwaggo.

"To tunda ke ce mai shiri, ga sharaɗi. Ke za ki je ki ɗauko su. A kwando, a kanki, rana tsaka, ba rufi. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce aro ne, da sanin mai su."

"Ni? Da girmana?"

"Ke kika san hanya."

"Iya, mutane za su ga..."

"Ranar Lahadi ba su gani ba. Yau su rama."

Gwaggo ta juya wajen zaure. "Kailani, kana ji ana wulaƙanta yayarka?"

Keken ɗinkin ya tashi da ƙarfi.

Bayan azahar Gwaggo Ishatu ta ratsa Tudun Wada da kwando a ka, kwandon na kuka. Shaidu sun ce da ta zo daidai kantin Agatha ta ƙara sauri, Agatha kuwa ta fito har bakin hanya tana cewa, "Gwaggo, kifi ya zo!"

Tun kafin a sauke kwandon Baturiya ta shige ciki. Ta lashe su ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta, suka kama nono. Kukan da gidan ya kwana biyu yana ji ya tsaya. Saratu ta ajiye kwandon a lungun ɗakin gara, ta bar ƙyauren a buɗe, ta tokare shi da dutse.

Kyanwar ba ta ko kalli ƙofar ba.

Maijidda ta manta da kunya ta fito, ta tsuguna tana kallo. Iya ta ja mata kunne.

"Bayan gara uwar ta dawo gida da 'ya'yanta," in ji Iya. "Amma ɗaya ta zauna nan, ladan alkaki. Kailani ma ya ci nasa rabon gardamar. Uwar amarya, wacce?"

Biyu sun yi barci a jikin nono. Ta ukun, fara mai baƙin kunne ɗaya, ta ƙoshi, ta haura bakin kwandon, ta faɗo ƙasa, ta tashi, ta nufi masakin alkaki tana tangaɗi.

"Waccan," in ji Saratu.

"Sake tunani. Ta fiye shige-shige. Na tsamo ta daga takalmin Labaran, na tsamo ta daga turmi. Duk inda ke da rufi, nata ne."

"Ita nake so. Mai shige-shige ita za ta san ramin ɓera."

"Kin ji na faɗa."

Da Iya za ta tafi Malam ya raka ta har bakin hanya. Ya dawo ya tsaya a ƙofar tsakar gida yana murmushi.

"Na ce ƙarama."

"Ka ce, Malam," in ji Saratu. "Amma ka gani. Babba kuwa ita ke tsaron."

"To wa ya ci?"

"Gwaggo," in ji Maijidda. "Ita ta kawo duka biyun."

Gwaggo ta ɗaga muciya, Maijidda ta gudu ɗaki.

Daga ranar ba a sake ganin kashin ɓera a ɗakin ba. Saratu ta zubar da abin da aka taɓa, ta soya sabo. Aka yi kamu, aka ɗaura aure, aka kai amarya Tudun Jukun. Duk hayaniyar bikin, Baturiya ba ta bar lungunta ba sai in za ta sha ruwa. 'Yar mai baƙin kunnen kuwa an tsamo ta daga akushi, an tsamo ta daga hular Malam.

Ranar kai gara matan dangi da maƙwabta suka cika gidan tun da safe. Hannu da yawa, baki ya fi hannun yawa. Wannan na cika masaki, waccan na rufe faifai, wata na ɗaure da sabon zane. Saratu ta duba kowane alkaki da idonta kafin a zuba, sannan aka kira ta waje ta sallami masu guɗa, wasu suka ƙarasa rufin.

Aka jera kaya a ka. Gwaggo Ishatu ce a gaba, ta sha sabon mayafi.

"Ku ji da kyau," ta ce wa masu ɗauka. "Garar da ta wuce zaure ba ta dawowa, ba a kuma buɗe ta a hanya. Sai a gaban dangin ango."

"Wannan ma daga kakarku ne?" in ji Saratu.

"Wannan kowa ya sani."

Aka rangaɗa guɗa, suka fita. Uwar amarya ba ta bin gara, don haka Saratu ta tsaya a tsakar gida har muryoyin suka yi nisa. Ta shiga ɗakin da ya zama wayam, ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Ba haƙorin ɓera ko ɗaya a cikin abin da ya fita. Ta yi hamdala.

Sai ta lura Baturiya ba ta kwance. Tana zagaye ɗakin tana sunsunar inda aka ɗauke masakai, tana irin kukan nan da aka kwana biyu ba a ji ba.

Saratu ta leƙa kwandon.

Biyu.

Ta duba bayan ƙyaure. Ta duba turmi, da akushi, da ƙarƙashin gado. Ta kifar da tsohon buhu.

"Malam! Duba hularka!"

"Tana kaina."

"Duba takalminka!"

Kafin ya amsa, farin abu ya wuce ta tsakanin ƙafafunta, ya ratsa tsakar gida, ya ratsa zaure. Uwar da ba ta taɓa barin 'ya'yanta ba ta bar biyu a kwando ta fita da gudu.

Saratu ta bi ta har ƙofar zaure, ta tsaya nan, don nan ce iyakarta yau. Malam ya fita bakin hanya, ya kare ido da hannu.

"Me ka gani?"

"Ta cim musu."

"Sai me?"

"Tana bin layin. Kanta a sama, tana kallon kayan."

"Na wa? Wane masaki?"

"Zanen ɗaurin duk iri ɗaya ne, ni na yanka su." Kafaɗunsa suka fara rawa. "Saratu, kin ce mai shige-shige kike so."

"Malam, ba lokacin dariya ba ne. Kira Gwaggo!"

"Sun sha kwana. Ko na kira ta, kin ji abin da ta ce."

A Tudun Jukun an riga an shimfiɗa tabarmi, matan dangin ango sun zauna, Iya Tasalla na tsakiyarsu da sabon goro. Masakin da Gwaggo ta shirya za a fara buɗewa a gaban jama'a, na alkaki ne.